Tsagar da Gwaggo ta zana

Shekara huɗu na yi ina rubuta labarin kakata, wadda ta biyo ayarin fatake daga Gwanja, ƙasar goro, tana yarinya, ta zauna a Kano har ƙarshen rayuwarta. Ban riske ta ba, ko hotonta babu. Duk abin da na sani daga bakin 'yarta na ji shi, wato Gwaggo, yayar mahaifina, da ke zaune tare da mu a Tarauni. Idan na taso daga aikin asibiti nakan same ta a kan tabarma tana tsince wake, in ajiye jaka in ɗauko biro. Inda ta manta sai in cike da nawa. Har yau ina kewar wannan zama.

Da na gama, na kai wa wani dattijo, tsohon malamin makaranta mai ƙaramin kamfanin buga littattafai. Ya karanta tsaf, har da jan biro.

"'Yata, littafi ne na gaske," in ji shi. "Za mu ba masana tarihi su duba, mu sa mai zane ya zana bango. Ki ba mu shekara biyu."

Raina ya so hakan ƙwarai. Amma Gwaggo ta haura tamanin, ƙafafunta sun fara kumbura, ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da nake gani. Kullum tambayarta ɗaya ce: "Yaushe Inna za ta fito a takarda?"

Sai na hau adaidaita zuwa Gyadi-Gyadi, wurin wani mai injin bugu, na ce zan buga da kaina. Ya ce sati uku. Ya tambaye ni bango, na ce ya sa mace mai kamala. Ban san cewa a wurinsa bangon littafin Hausa duk iri ɗaya ne ba. Ranar da na kwance ƙunshin, sai ga kakata a bango, wadda ta tako daji da ƙafa, sanye da leshi da jan baki da agogon hannu. Na zauna a kan bencinsa na yi kukan takaici, shi kuwa yana ta ce min wannan hoton ne ke tafiya a kasuwa.

Da kunya na miƙa wa Gwaggo. Ba ta iya karatun boko ba, don haka bangon kawai ta ƙura wa ido, ta kai shi kusa da fuska, ta daɗe.

"Kyakkyawa ce," ta ce. "Amma ina tsagarta? Miƙo min tandun kwallina."

Ta tsoma tsinke, ta ja layi uku a kowane kumatu, ta hura ya bushe. Sannan ta ɗora littafin a cinya ta ce in fara karantawa. Sati biyu muka yi, tana gyara min inda na yi wa Inna ƙarya.

Kafin azumi ya zagayo Allah ya yi mata rasuwa. Dattijon nan har yau in mun haɗu sai ya tsokane ni da agogon, ya ce ƙofarsa a buɗe take idan ina son sabon bugu. Wataƙila wata rana. Kwafin Gwaggo yana cikin akwatina a naɗe cikin ɗankwalinta, ba na bari kowa ya taɓa bangon, don kwalli yana gogewa.