Oba-oba a Gindin Randa

Ƙauyenmu na yamma da Pauwa, daji na bayanmu. In damina ta zauna, ba mai zuwa gona sai da mai gadi bisa dutse. Ni aka ɗora, don ƙafata ta dama ba ta noma tun da 'yan bindiga suka riƙe ni wata biyu a daji. Idona dai lafiya lau.

Gari ya haɗa hannu aka sayo oba-oba biyu, rediyon magana irin na 'yan sanda, tsofaffi. Ɗaya na hannuna, ɗaya na wurin shugaban 'yan sa-kai, wanda muke ce ma Kwamanda, shi ke zagaya gonaki. Aikina kaɗan ne. In na hango babura daga gefen daji, in danna in ce, "Ku tashi." Shi kuma ya busa usur, kowa ya kwance shanunsa ya gudo gida.

Dutsen ba shi da inuwa. In hantsi ya ɗaga ba ka iya dafa shi da tafin hannu. Oba-obar kan yi zafi har ta ƙona kunne. In na sauko da yamma sai in ji tausayinta. A gidajenmu duk abin da zafi ke ɓatawa gindin randa ake kai shi, goro ne, man shanu ne, maganin yara ne. Jiƙaƙƙen yashi ne wurin, da sanyi kamar bakin rafi. Nan nake kwantar da ita, in rufe da algararar goro. Da safe in ɗauka in hau. Ban tambayi kowa ba. A ganina kulawa ce.

Ranar da abin ya faru an wuni biyu ana marka, sannan rana ta buɗe da ƙarfi. Kafin azahar na hango babura shida. Na danna na ce ku tashi. Ba amsa, sai shuuu. Na sake. Na buga ta a cinya, na sake. Na miƙe na yi ihu, iska ta tafi da muryar. Ina kallo suka shiga gonaki, suka kora shanun huɗa biyu, suka fasa ma mai riƙe da garma kai. Shanun na Kwamanda ne. Mai garmar ƙanensa ne. Bai mutu ba.

Da la'asar aka taru ƙofar gidan Mai Unguwa. Na faɗi abin da ya faru. Kwamanda ya karɓi oba-obar, ya ba wani tasa ya ce ya tafi bakin masallaci. Ya danna. Murya ta fito tar.

"Ga ta tana magana," ya ce. "To mi ya hana ta ɗazu?"

Na ce ban sani ba.

"Wata biyu suka riƙe ka. Wasu ba su yi kwana goma ba aka kawo rigarsu. Kai ka dawo da ƙafarka."

"Da ƙafa ɗaya," na ce.

Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya furta kalmar infoma kuma, amma tana wurin. Na ga abin da ake yi ma wanda aka liƙa ma wannan suna a ƙasarmu. Ba ya kai gaban alƙali.

Mai Unguwa tsoho ne, abokin mahaifina. Ya ce ba mai taɓa ni sai ranar kasuwar Kankara. Za a kai oba-obar wurin mai gyara. In ya ce lafiyarta lau, shi ya cire hannunsa. Kwana uku na zauna gida. An ɗora wani bisa dutse.

Mu uku muka tafi, ni da Mai Unguwa da Kwamanda. Mai gyaran dattijo ne, rumfarsa ta kwano cike da matattun rediyoyi. Ya kwance bayan tawa, ya kai hanci, ya dube ni.

"Malam, wagga goro take ci?"

Na ce gindin randa take kwana.

"Gindin randa. Da rana fa?"

"Bisa dutse."

Ya ajiye sukundireba ya yi dariya har da tari. Kwamanda ya ce, "Baba, ba wasa ya kawo mu ba." Mai Unguwa ya gaya masa abin da ke kaina. Dariyar ta tsaya.

Ya jawo mu kusa, ya nuna wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar wake ba. Ƙafafunsa sun yi tsatsa kore. Ya ce sunansa kiristal. Cikinsa akwai ɗan farin dutse siriri, in wuta ta shige shi sai ya riƙa kaɗawa, da ƙidaya guda da ba ta canzawa. Da wannan ƙidayar rediyo ke gane 'yar'uwarta. Zafi na gusar da ita kaɗan, sanyi ma haka. Sabuwa na jurewa. Amma wannan murfinta ya tsufa, laima ta sami hanya. Ta sha raɓa cikin yashi, a kai ta rana ta dafu, ƙidaya ta kauce. Kusa da kusa za a ji, nesa ba za a ji ba. In ta huce ta bushe sai ta dawo kamar ba ita ba.

"Wannan zance ne," Kwamanda ya ce. "Ni gani nake so."

"Za ka gani, ɗana. Hau babur ka tafi da taka har bayan tasha. In ka isa ka kira."

Ya tafi. Mai gyara ya maida murfi ya miƙa ma Mai Unguwa, ya ce shi zai riƙe, kada in taɓa. Aka kira, aka amsa, muryar ta fito. Ya ce a gaya ma Kwamanda ya tsaya nan, ya riƙa kira lokaci-lokaci. Sai ya naɗe ta cikin jiƙaƙƙen tsumma ya tura ƙarƙashin tebur. Muka zauna. Mai fura ta wuce, Mai Unguwa ya saya, ban iya sha ba. Can mai gyara ya ciro ta ya ɗora bisa kwanon rumfa, cikin rana tsaka.

Na zauna ina kallon kwanon. Na yi tunanin in ta yi magana, ba zan koma ƙauye ba, kuma ban san inda zan nufa da wannan ƙafa ba.

Da ya sauko da ita sai da ya sa gefen riga. Mai Unguwa ya danna ya yi sallama. Shuuu. Ya sake, ya ɗaga murya har masu rumfar kusa suka leƙo. Wani abu ya motsa ciki kamar kukan kwaɗo, ya ɓace. Ya kira sau bakwai, ina ƙirgawa.

Ba a jima ba sai ga Kwamanda ya dawo da ƙura, ransa a ɓace.

"Ina ta kira kun yi banza da ni."

"Ashe ni ne infoma," Mai Unguwa ya ce. "Tana hannuna tun ɗazu."

Kwamanda ya karɓa, ta ƙona shi, ya canza hannu. Ya daɗe yana kallonta. Ni kuwa na koma gefe. Na jawo furar nan na shanye.

Mai gyara ya canza ɗan ƙarfen da na wata matacciya, ya goge tsatsar. Ya ce ta riƙa kwana cikin gwangwani mai murfi da busasshiyar shinkafa, a rataye sama. Bisa dutse kuma a yi mata inuwa. "Ba goro ba ce, ba kuma kilishi ba ce," ya ce.

Da muka koma, Mai Unguwa ya faɗi komi bayan sallar la'asar, bai rage ba, har da wautata. Aka yi ta dariya. Wani ya ce gobe in shafa mata man shanu. Na bar su. Dariya ba ta kisa.

Kwamanda bai ce in yafe ba, ba halinsa ba ne. Washegari da na hau, na tarar da shi can sama da zana biyu da itace huɗu, yana neman tsagar da zai kafa su.

"Riƙe nan," ya ce.

Na riƙe.