Bulala Shida a Tafin Hannun Ladi

Wata Litinin ce cikin watan Yuni na 2005, ruwa ya kwana yana zuba, sanyin Jos ya sandarar mana da yatsu har alli ba ya riƙuwa. Muna aji huɗu na sakandare a Gada Biyu. Malamin lissafinmu, wanda muke kira Malam Dogo a bayan idonsa, ya rubuta y = 2x + 3 a allo, ya ce a nemo lissafin layin da zai jera da wannan ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, ya kuma ratsa ta ɗigon (1, 6). Dokarsa kowa ya san ta: mutum biyu ke fita, wanda ya ci shi zai zane wanda ya faɗi, in kuwa ka sassauta hannu a ninka a kanka. Ya kira ni, ni Hadiza, ya kira Ladi.

Ladi ƙawata ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Tare muke jan ruwa a rijiya, tare muke 'yar gala-gala, ran Asabar mu taya mahaifiyarta wanke dankalin da take kasawa a bakin titin Taminus tun da babbar kasuwar Jos ta ƙone. Ni kaina ba ya ja a lissafi ko kaɗan, ita ta koya mini wannan ɗin da tsinke a ƙasa. "Kamar kunyoyin dankali ne," in ji ta, "karkatarsu ɗaya, mafari ne daban. Bar biyun da ke jikin x, ki saka ɗigon, ki nemo ragowar."

Na rubuta y = 2x + 4. Ladi ta rubuta y − 2x = 4. Abu ɗaya ne, kuma wallahi na sani. Malam ya leƙa amsoshin bayan littafinsa, ya ga irin tawa, ya miƙo mini bulala. Ladi ta ce, "Sa, ai duk ɗaya ne, tambayi Hadiza." Ya juyo ya kafe ni da ido. Na dubi bulalar, na ce ban sani ba. Shida na yi mata a tafin hannu, da ƙarfi kuwa, don tsoron ninki, 'yan aji na ƙirgawa suna shewa. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai take yi.

Ko faɗa ba ta yi mini ba, ta dai daina amsa sallamata. Ƙarshen zangon suka koma Daɗin Kowa, ban raka su ba don kunya. Yanzu 'yata tana makarantar da ba a duka, malaminsu yakan karɓi amsa ko ta wace siga ta zo, har ya yaba. Ni kuwa har yau ina cigiyar wanda ya san inda Ladi take. Kalma ɗaya ta nema a bakina, na hana ta.