Waƙar da Kawu Ya Bari a Bakin Inji

Shekaranjiya na tsaya sayen masa a unguwar Gidan Igwai, sai na ji mai masar tana rera wani amshi ƙasa-ƙasa. Waƙar Kawu ce, ƙanin mahaifiyata da ya rasu bara.

Kawu makaɗin gurmi ne da bai taɓa zama mawaƙin kowa ba, shi ke tsara abinsa. In ya yi sabuwar waƙa, sai ya je injin niƙa a unguwar Mabera ya rera wa matan da ke layi. Bayan mako guda ya koma ya zauna shiru. In bai ji wata na maimaita ta ba, ya bar waƙar har abada.

Wannan ta kewar miji matafiyi ce, kuma ni na raka shi ranar komawa. Muka zauna cikin ƙarar inji da ƙamshin gero har la'asar, babu wadda ta rera. Na roƙe shi kada ya yar da ita. Ya kakkaɓe gari daga hularsa ya ce, "Ɗiyata, ba ta bi su gida ba."

Na ba mai masar wannan labari. Ta ajiye cokali ta ce, "Hajiya, mun gan shi ranar. Wa za ta rera kewar miji gaban namiji? Cikin ɗaki muke yin ta har yau."

Ashe ta bi su gida, Kawu. Allah Ya sanyaya makwancinka.