Gemun Malam Ilu da Tauraro Mai Ruwan Goro

Har na koma ga Allah ba na jin zan manta da Talatar da aka sauke Malam Ilu daga bakin tandar narka ƙarfe. Lokacin ina mai zuba narkakken ƙarfe a wani kamfanin rodi a Challawa, shi kuma shi ne shugaban tanda, mutumin Damagaram, ƙato mai tumbi da gemu da ya sha lalle.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙarfe ba ya zubuwa sai zafinsa ya kai. Na'urar auna zafin ta daɗe da lalacewa, don haka idon Malam Ilu muke bi. In ƙarfe yana ja ko ruwan goro, da saura. In ya yi fari, sai ya ɗaga hannu mu zuba. A ƴan watannin ƙarshe kuwa hannun ya riƙa jinkirin tashi, har bangon tanda ya tsage sau biyu. Mu dai gulma muke yi, muna cewa tsufa ne.

Sai aka kawo sabuwar injiniya, Malama Rabi, ta tara mu a rumfar cin abinci don ta koya mana karanta zafi daga launi. Da hoton wani tauraro ta fara. Ta ce mai ruwan goro ne, samansa bai kai ranarmu zafi ba, amma ya ninka ta girma sau da yawa, shi ya sa ya fi ta haske. Tsoho ne, in ji ta. Makamashin cikinsa ne ya kusa ƙarewa, sai ya kumbura, fatarsa ta huce.

"Ashe Malam Ilu ne a sama!" in ji wani. Muka bushe da dariya, har da shi, yana shafa gemu.

Daga nan ta ɗaga hotunan narkakken ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kowa yana faɗin launi. Da aka zo kansa ta nuna masa wanda ya yi fari fat.

"Wannan ai da saura, ruwan goro ne," ya ce.

Dariyar ta tsaya. Ta sake nuna masa wani, ya sake faɗin haka. Ta matso ta dubi idanunsa, ta ce a hankali, "Baba, yaushe rabonku da tabarau na tanda?"

"Tun da nawa ya fashe ba a ba ni wani ba, ƴata."

Asibiti suka tabbatar yanar ido ce ta rufe masa idon, komai rawaya-rawaya yake gani. Hasken tandar da ya yi wa kamfani gadinta ne ya cinye shi. Malama Rabi ta roƙa a mayar da shi sito. Manaja ya ce babu gurbi.

Ranar da ya zo kwashe kayansa ina wurin. Ya tsaya gaban hoton tauraron ya ce, "Injiniya, in makamashin ya ƙare gaba ɗaya, ya yake ƙarewa?"

Ta ce, "Fatar tana watsewa, Baba. Sai ɗan ƙarami ya rage, yana hucewa a hankali."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki butarsa ya fita.

A satin da ya biyo baya aka kawo sabuwar na'ura. Abin da na koya ke nan, ku da kuke sababbi: a wannan aiki ana sayen na'ura ne bayan mutum ya ƙare. Kada ɗayanku ya leƙa tanda da ido tsirara, ko da manaja ne a tsaye a kansa.