Zuhura da Ƙwaryar Inna Lami

Zuhura haifaffiyar Fakuwa ce, aure ya kawo ta Kankia. Shekara huɗu ta yi tana buga takardu a wani shagon kwamfuta kafin yayanta Zainul Abidin ya samu aiki a Kaduna, ya bar mata kayan sana'arsa: fitilu goma sha biyu masu launi-launi da wata tsohuwar kwamfuta mai manhajar da ke sa su bi kiɗa. Ya ce in ba za ta iya ba ta sayar. Ba ta sayar ba. Ta lura cewa ranar wunin biki mata ba sa son namiji a cikinsu, kuma babu wata mace a garin da ta san aikin.

Ta koya da kanta, wani abin ta waya daga Yaya Zainu, wani ta hanyar lalatawa da gyarawa. Ta kafa wa kanta doka: ba ta sabunta manhaja a makon biki, kuma kwafin tsohuwar manhajar na nan ajiye a filas ɗin kwamfuta koyaushe.

Bayan ƙaramar sallah Hajiya Kulu ta Kusada ta ɗauke ta aikin bikin 'yarta. Hajiya ta ce ba ta son waƙoƙin waya, kiɗan ƙwarya take so, kuma ta riga ta gayyato Inna Lami ta Dudunni da ƙawayenta.

Saura kwana uku aka yi gwaji da hantsi a zauren bikin, an rufe tagogi. Matan suka kifa ƙoransu suka fara. Fitilu ko motsi. Da wata ta rangaɗa guɗa, sai duk sha biyun suka haukace da walƙiya.

"Ɗiyata, abin nan naki bai son mu," in ji Inna Lami.

"Bai san ku ba ne, Inna. Ku ba ni kwana ɗaya."

Zuhura ta sauya wayar haɗi, ta sauya makirufo, babu canji. Ta kunna waƙar da aka ɗauka a situdiyo, fitilu suka bi daidai. Nan ta gane kayan lafiya lau suke. Manhajar ce aka saita ta jira gurnanin babbar ganga, ita kuwa ƙwarya ƙararta a tsakiya take, guɗa kuma a can sama.

Washegari ta hau mota zuwa Dudunni. A tsakar gidan Inna Lami ta ɗauki sautin kowace ƙwarya ita kaɗai, har da wadda ake kifawa a cikin ruwa. Inna ta leƙa allon kwamfutar, ta ga zane yana tashi yana sauka.

"Mi ne ne wannan?"

"Hannunki ne, Inna. Kin ga nan inda kike ƙara sauri?"

Tsohuwar ta ƙara bugawa tana kallo, ta yi dariya. "To ki gaya mashi in 'yan rawa sun shigo fili, sauri nike ƙarawa. Kada ya tsaya jirana."

Wannan maganar ta yi wa Zuhura amfani. Ta kashe ma'aunin da ke ƙayyade saurin kiɗa, ta bar manhajar ta bi bugu kai tsaye. Ta ba ƙwaryar ruwa shuɗi, ƙananan kuma ja da kore, ta toshe wa guɗa hanya.

Ranar wuni bayan azahar fitilu suka bi matan Dudunni bugu da bugu. Fitila ɗaya ta mutu ana tsakiyar rawa saboda wata ta taka wayarta. Zuhura ta raba aikinta ga sauran ba tare da ta tashi daga kujera ba.

Yanzu duk inda aka gayyaci Inna Lami, sai ta tambaya ko an sanar da Zuhura. A wata mai zuwa suna da biki biyu a Bauranya.