Tozon sabon shef

A shekarun da aka zaftare albashi, darajar kuɗin sefa ta faɗi, aka turo mana sabon shef, wato shugaban masu duba nama, a mayankar Garwa. Ɗan kudu ne, Kirista, siriri, ba Fulatanci ba Hausa. Darakta na sama, mu mahauta muna ƙasa da wuƙaƙenmu, shi kuma a tsakiya riƙe da hatimin da in bai buga wa nama ba, ba ya shiga kasuwa. Da yake na ɗan taɓa boko, ni na zama tafinta.

Muna da al'ada. Duk sabon shef, sarkin fawa yakan aika masa da tozon bijimi mafi ƙiba. In ya kai gida, shi ke nan mun saye shi, hatiminsa ya zama namu. In ya mayar, ya ci mutuncin dattijo, ko sannu ba zai ƙara samu ba. Wanda ya gabace shi mayarwa ya yi, bai kai damina ba ya nemi canji. Ni aka aika da tiren tozon, na ɗauka ina tausayin bawan Allah.

Ya karɓa da hannu biyu, ya tambaye ni ma'anar kyautar. Ban ɓoye masa ba. Sai ya ce a hura wuta. Nan bakin ƙofa aka gasa tozon. Ya fara miƙa wa sarkin fawa, kamar yaron da ya tashi a unguwarmu, sannan ya tsuguna cikin farar rigarsa ya ci tare da mu, yaji na sa shi hawaye muna ta dariya. Tun ranar ya shiga raina.

Ba a daɗe ba aka yanka wani bijimin sarkin fawa, huhu ya fito duk ƙuraje. Shef ya duba, ya mayar da hatimi aljihu. A wannan matsin, asarar sa guda tana iya karya mutum. Amma shef bai ja da baya ba.

Dattijon ya ce in tuna masa ya ci tozonsa.

"Na ci, Baba," in ji shef. "Shi ya sa ba zan bari a ce namanka ya kwantar da wani ba."

Na fassara. Sarkin fawa ya dube shi. Can ya ce a miƙo masa galan ɗin kananzir, ya kwarara wa naman da hannunsa don kada ya shiga kasuwa.