Goggon da Ta Fitar da Tukunyata Waje

Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, da hantsi, labari ya same mu a bakin kogin Tamir, inda muka sauka da dabbobi, cewa Goggo Badamhand ta rasu tana da shekara tamanin da huɗu. Ɗanta Lhagwa ne ya zo a kan babur. Da na ga ya kashe injin tun daga nesa yana turo shi da hannu, na san abin da ya kawo shi. Mu nan ba mu cika kiran sunan wanda ya tafi ba, saboda haka na rubuta shi sau ɗaya, daga nan zan koma ga abin da bakina ya saba da shi. Goggo, da ke nake magana.

Ba mu haɗa jini da ke ba. Maƙwabtaka ce kawai, irin ta makiyaya, yau bukkarki na bayan tudu, gobe kin tashi kin koma gaba. Amma duk faɗin kwarin nan babu macen da ba ta taɓa aikawa a kira ki ba idan tukunyar giyar nono ta ƙi ta. Ga mai kallo aikin ba wuya: kasko cike da nono mai tsami a kan wuta, gangar itace marar gindi a kife a kansa, tasar ruwan sanyi ta rufe sama, ƙaramar tukunya na rataye a ciki tana tarar abin da ke ɗiga idan tururi ya bugi sanyin tasar. Giyar ta baƙi ce da ranakun biki. Abin da ya rage a kasko shi ake tacewa a yi cuku, a shanya a kan rufin bukka, kuma shi ne abincin gida idan ƙanƙara ta rufe ƙasa shanu suka daina ba da nono. Wanda ya ƙona kasko ɗaya ya ƙona abincin mako biyu.

Ke kuwa kurɓa ɗaya kike yi ki faɗi abin da ya faru. Na tuna matar maƙwabcinmu Gonchig da giyarta ta riƙa fitowa salam kamar ruwan rafi, har ta fara zargin an yi mata baki. Kika ɗanɗana, kika ce babu wanda ya yi mata baki sai nata bakin, domin tana tsayawa hira ruwan tasa ya yi zafi ba ta sauya ba. Ta yi fushi na kwana biyu, a na uku ta aiko miki da man shanu. Harshenki yana da kaifi, Goggo, kowa ya sani, ni ma ya yanke ni. Sai dai ban taɓa ganin wanda kika faɗa wa magana kika tafi kika bar shi da matsalarsa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da matata Tungalag ta rasu, a farkon bazara, ta bar ni da 'yarmu Urango tana da shekara biyar. Bayan an cika kwana arba'in da tara na makoki, yayan marigayiyar, Sodnom, ya zo daga birni. Mutumin kirki ne, ba zan ɓata shi ba. Ya zauna ya dubi ɓangaren mata na bukkata, inda kwanuka suka taru ba wanki, ya ce namiji shi kaɗai ba ya riƙe 'ya mace a daji, zai tafi da ita ta girma cikin 'ya'yansa. Na roƙe shi. Daga ƙarshe ya ce zai dawo kafin ƙanƙarar farko. In ya tarar da abincin sanyi a gidan, wanda hannuna ya yi, yarinya za ta zauna. In bai tarar ba, to, kada in ce ya zalunce ni.

Na san doki, na san raƙumi, na iya fiɗar tunkiya ba tare da ɗigon jini ya taɓa ƙasa ba. Na ɗauka abin da mata ke yi suna hira ba zai gagare ni ba. Kaskon farko ya kama a gindi, bukka ta cika da ƙauri, giyar ta fito da ɗaci, cukun kuma ko kare ya shinshina ya wuce. Na biyu ya tafasa ya yi ambaliya har cikin ƙaramar tukunyar. A na uku na tsaya tun safe, da na buɗe ban samu abin da zai cika kofi ba, tururin duk ya gudu. Na je gari na sayo ma'aunin zafi na gilashi, na tsoma a nan, na tsoma a can, lambobi suna hawa suna sauka ban san abin da suke gaya mini ba. Rabin damina ya wuce, rufin bukkata fayau, na maƙwabta kuwa fari fat da cuku.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na hau doki na zo wurinki, na sha shayi, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na roƙe ki buhu biyu na cukunki in ajiye in nuna wa Sodnom. Na san kina da shi har ya yi miki yawa, na kuma san kina son yarinyar. Kika ajiye kofinki kika dube ni.

"In na ba ka na bana, na baɗi fa? Ko shekara ɗaya yarinyar za ta yi a duniya?"

Na tashi ban yi sallama ba. A hanya na kira ki da sunayen da ba zan rubuta a nan ba, na kuma yi kuka a kan doki, abin da ban yi ba ko a ranar da aka binne matata.

Washegari da safe sai ga ki a kan tsohuwar goɗiyarki. Ba ki ambaci maganar jiya ba. Kika duba kaskon, kika ƙwanƙwasa gangar, kika ɗaga tasar kika kalli gindinta a rana, kika ce kayan Tungalag lafiyarsu ƙalau. Kika tambayi abin da nake hura wuta da shi, na nuna miki itacen da na faskara. Kika tambayi lokacin da nake ɗorawa, na ce da zarar maza sun kora dabbobi sun yi nisa. Sannan idonki ya kai ga igiyar da nake ɗaure ƙofa da ita ta ciki, da murfin saman bukka da nake ja in rufe rabi don kada hayaƙi ya yi yawa a gani daga nesa. Kika daɗe kina kallona.

"Damdin, wa kake ɓoye wa?"

Na ce ba kowa. Ba ki ƙyale ni ba har sai da na faɗa da bakina cewa ba na so su Gonchig su wuce su gan ni durƙushe a ɓangaren mata da ludayi a hannu. Shi ya sa nake zuba itace in cika wuta don in gama kafin su dawo, shi ya sa nake rufe ko'ina har zafin bukka ya dafa ruwan tasa tun kafin ya yi aikinsa.

"Wutar ba ta da laifi," kika ce. "Kai ne kake gudu, ita kuma tana bin ka. Ɗauko tukunyar nan mu fita waje."

Na yi zaton bayan bukka za mu je. Kika nuna mini tsakiyar fili, daidai ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani. Na jera duwatsu, kika sa na mayar da itacen na kwaso busasshen kashin shanu, wanda ke ci a hankali ba ya tashi sama. Sannan kika hau goɗiyarki kika tafi, na ɗauka kin gama ke nan. Ashe maƙwabta kika je gayyatowa shan shayi, maza da mata. A ranar, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da kika dawo da su, kika zauna a kan sirdi, hannayenki cikin hannun riga, ba ki taɓa ko ludayi ba. Da baki kawai kika yi aiki. Kika ce in kasa kunne a jikin gangar: in na ji nono yana gunaguni a hankali, daidai ne, in ya fara ruri, in janye garwashi. Kika sa na jiƙa tsumma na naɗe inda tasa ta haɗu da ganga, domin ta nan tururina yake tserewa. Kika sa na ajiye bokitin ruwan kogi a inuwar amalanke, ba a gefen wuta ba inda na saba ajiye shi. Da iska ta taso ta karkata wutar gefe guda, kika ce in zauna ta inda take busowa, in ba komai faɗin bayana zai yi amfani yau. Ruwan tasa kuwa, kika ce in riƙa tsoma wuyan hannu, da zarar ya fara cizo in kwashe in zuba sabo, sau uku, kada in yi kwaɗayin na huɗu. Ma'aunin gilashin ma ba ki raina shi ba. Kika ce in tsoma shi daidai lokacin da hannuna ya ce a sauya, in riƙe lambar, don ranar da sanyi ya kashe mini hannu.

Gonchig bai ba ni kunya ba, ya yi abin da na san zai yi. Ya sauko daga doki yana murmushi.

"Sannu da aiki, uwargida. A kawo miki ɗankwali ne?"

"Kai rufe mana baki," kika ce masa. "Matarka ta je gari kwana uku, sai da muka ga ƙasusuwan wuyanka. Wannan 'yarsa yake nema ya riƙe. Kai me ka taɓa riƙewa ban da kofi?"

Aka yi dariya, har shi Gonchig ɗin. Ni ban yi ba, hankalina yana kan gangar, kuma a karon farko na lura ba na sauri. Rana ta take tsaka kafin mu buɗe. Ƙaramar tukunyar ta kusa cika, abin da ke ciki garau, da ɗumi. Kika sa na yayyafa cokalin farko wa wuta da sama kamar yadda aka saba, sannan na miƙa wa Gonchig kofi da hannu biyu. Ya sha, ya miƙo kofin a ƙara. Gindin kaskon kuwa ko alamar kamu babu.

Ba daga ranar na zama gwani ba. Mako biyu bayan haka aka yi ruwa kwana huɗu, kashin shanun ya jiƙe, wuta ta riƙa mutuwa tana tashi, kasko guda ya lalace. Na zo miki a guje, kika ce wanda ke da fatun shanu har uku a jibge bai kamata makamashinsa ya kwana a ruwa ba, kika ci gaba da tatsarki. Haka muka yi ta yi har ciyawa ta fara ja. Sau nawa kika zo, ban ƙirga ba, amma ko sau ɗaya ba ki karɓi aikin daga hannuna ba.

Ranar da Sodnom ya dawo, na aika a kira ki don ki yi mini shaida. Aka ce kin tafi ganin 'yarki Nyamja tun jiya. Na ji haushi sosai, sai daga baya na gane da gangan kika yi. Sodnom ya shigo da jakar fata babba, wadda ya kawo don kwashe kayan yarinya. Ya ga buhuna huɗu a jingine, ya kwance ɗaya, ya ɗauki cuku ya daɗe yana tauna. Ya tambayi wadda ta yi mini. Na ce ni ne. Bai ce ƙarya nake yi ba, ya dai ce yana so ya gani. Na fitar da tukunya tsakar fili na ɗora, ya zauna a gefe da Urango a kan cinyarsa tun safe har azahar. Hannuna yana son ya ƙara wuta, na hana shi.

Da aka sauke, ya ɗanɗana giyar, ya ɗanɗana abin da ke kasko.

"Na ƙanwata ya fi wannan," ya ce.

Na ce gaskiya ne. Ya shafa kan yarinyar. Can ya tashi ya buɗe jakar da ya zo da ita, ya cika ta da cuku, ya ce yaransa a birni sun daɗe ba su ci na gida ba. Ya ɗaure ta a bayan mota ya tafi shi kaɗai.

A daminar bana na kawo miki kofi ɗaya daga kaskon farko, lokacin kin daina hawa doki. Kika kurɓa kika ce na yi gaggawar sauya ruwa na uku. Na yi gardama, kika ce in je in tambayi hannuna. Gaskiyarki ce, baƙi nake jira a ranar. Na yi farin ciki da kika kama ni, domin na ga har lokacin bakinki da hankalinki suna nan daram. Ban san ita ce haɗuwarmu ta ƙarshe ba, da na daɗe ban tashi ba.

Goggo, mun kunna miki fitilar man shanu, za ta ci gaba da ci har kwana arba'in da tara su cika. Mai Sama ya yi miki rahama, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka hanyar da kika kama, ya saukar da ke a wuri mai ciyawa da ruwa. Kaifin harshenki kuwa, mu da ya yanka mun yafe tun tuni, muna roƙon kada a tambaye ki shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lhagwa da Nyamja, da jikoki, da matan kwarin Tamir baki ɗaya. Mai Sama ya ba ku haƙuri, ya albarkaci garken da ta bari. Ina kuma yi wa 'yata Urango ta'aziyya. Shekararta goma sha shida yanzu, tana makaranta a garin da ke kusa da mu, duk ƙarshen mako tana dawowa. Da aka tambaye ta a wurin zaman makoki ko ita jikarki ce, ta ce a'a, ita dai ta girma a gidan ubanta ne saboda ke.